Mun Gina Wa Babur Hanya, Mun Manta Da Gurgu

A ƙarshen zangon karatun da ya gabata ne aka sa mana ranar sauraron ɗalibanmu na digiri na biyu domin su kare kundayen bincikensu. Ɗakin taron da aka saba yin wannan zama yana hawa na biyu na wani sabon bene, wanda aka ƙawata da tayil da gilasai har baƙo kan tsaya ya ɗauki hoto a gabansa. Cikin ɗaliban akwai wata baiwar Allah, matar aure mai 'ya'ya biyu, wadda shan inna ya taɓa ƙafafunta tun tana ƙarama, kuma a kan keken guragu take zuwa aji. Tun ƙarfe 8 na safe ta iso. Sai da muka zazzauna, aka kira sunanta sau biyu, sannan wani ya tuna cewa tana can ƙasa a gindin matakala. Abokan karatunta maza huɗu ne suka sauka suka cicciɓo ta da keken nata, suna haki suna cewa a yi a hankali. Ta shigo tana gyara mayafi, idonta a ƙasa. Da ta fara magana kuwa, babu wanda ya kama ƙafarta a cikin duk waɗanda muka saurara a ranar.

Bayan an tashi na je in yi mata murna. Ta ce: "Na gode, Malam. Abin da ya fi yi mini daɗi shi ne daga gobe zan riƙa shan ruwa da safe. Shekara biyu ke nan duk ranar da nake da lacca ba na shan komai sai na koma gida, saboda babu banɗaki ko ɗaya a nan da kekena yake shiga." Ni ne na duba aikinta tun daga shafin farko, na gyara mata waƙafi da aya babu adadi, amma ban taɓa tambayar kaina yadda take wuni a cikin ginin da nake shiga da fita ba tare da tunanin komai ba. Kunyar da na ji a ranar ita ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Da yake sana'ata nazarin harshe ce, bari in fara daga inda na fi wayo. Mun sauya wa waɗannan bayin Allah suna ya kai sau uku. Kakanninmu gurgu da gurguwa da guragu suka sani, suka kuma haɗa su da makafi da kutare a ƙarƙashin kalmar musakai ko miskinai. Daga baya kafafen watsa labarai suka yayata kalmar nakasassu. Da aka ga ita ma tana da ɗaci a baki, sai aka koma masu buƙata ta musamman, wasu kuma suka ce masu lalura ta musamman. Ban raina wannan ƙoƙari ba, domin harshen da ke cewa gurguwar shawara da gurguwar fahimta, yake kuma cewa an gurgunta tattalin arziki, ya riga ya koya wa yaro tun yana goye cewa gurgu shi ne ma'aunin duk abin da bai cika ba. Sai dai a tsawon shekarun da muka yi muna wanke suna, matakalar ƙofar banki ba ta ragu da taki ɗaya ba. Mutumin da muke kira mai buƙata ta musamman a cikin takarda, shi ne dai yake rarrafe a bakin ofishin da aka buga takardar.

Ita kuwa kalmar nakasasshe, da mun dube ta da idon nahawu da ta koya mana darasi. Sifa ce irin ta dafaffe da ɗaurarre da korarre, wadda ake ƙerawa daga aikatau. Idan aka ce abinci dafaffe ne, akwai wanda ya dafa shi. Idan aka ce mutum korarre ne, akwai wanda ya kore shi. To shi nakasasshe, wa ya nakasa shi? Shan inna ko hatsarin mota ya karɓe masa ƙafa, wannan ƙaddara ce, babu mai ja da ita. Amma abin da ya hana shi shiga aji da kotu da asibiti da masallaci aikin ɗan Adam ne: wani mai digiri ya zauna ya zana matakala, wani ya sa hannu ya amince, wani ya biya kuɗi, wani kuma ya zo da babbar riga ya buɗe ginin ana tafi. Ɗalibata a kan shimfiɗaɗɗen daɓe daidai take da kowa, har ta fi wasunmu sauri. A gindin matakala ne kaɗai take zama nakasasshiya, kuma mu muka gina matakalar.

Kada wani ya ce mini ba mu san dabarar ba. Mai karatu ya leƙa layinsu a Kano ko Zariya ko Sakkwato ko Katsina, ya dubi ƙofofin gidaje. Zai ga a tsakiyar matakalar gidaje da yawa an zuba wani ɗan siririn gangare na siminti. Na mene ne? Na tura babur cikin zaure da dare ne. Mai mota kuwa yakan gina katafaren gangare tun daga ƙofar garejinsa, ya haye kwata, ya cinye hanyar masu tafiya a ƙasa, har ya taɓo kwalta. A bakin shagunan kasuwa akwai katakon da ake ɗorawa domin baro ya hau da kaya. Wato kowane birkila a ƙasar nan ya san taya ba ta hawa matakala, kuma ya san maganin abin. Mun yi wa babur da mota da baro tanadi tun kafin wata doka ta tilasta mana, saboda dukiyarmu ce. Tayar da ke ɗauke da mutum ce kaɗai muka manta da ita. Har a harshe ba mu da uzuri, domin kusa da kalmar matakala muna da magangara, sigarsu ɗaya, kuma ita zan yi amfani da ita a sauran wannan rubutu.

Jiki magayi. Watanni bayan abin da ya faru da ɗalibata, sai ƙanin mahaifina, tsohon malamin firamare da ya yi shekara 35 yana riƙe da alli, wanda shanyewar ɓarin jiki ta zaunar a kan kujera mai taya, ya samu saƙon cewa dole kowane ɗan fansho ya bayyana da kansa domin tantancewa. Motata tana wurin gyara, na ce mu hau adaidaita sahu. Daga ƙofar gida zuwa bakin titi bai fi tafiyar minti biyar ba ga mai ƙafa, amma mun yi kusan rabin awa, domin lungun ya cika da kwatocin da kowane gida ya saki, ga tudun yashi da tsakuwar masu gini. A bakin titi masu adaidaita uku suka rage gudu, da suka ga keken suka ƙara mai. Na huɗun ya yarda bisa sharaɗin mu biya kuɗin kujerar baya gaba ɗaya. Da muka sauka, ofishin yana ɗaya hannun titin, an kafa shingen ƙarfe a tsakiya, kuma hanyar tsallakawa ɗaya ce, gadar sama mai matakala tsaye kamar tsani. Sai da muka bi gefen kwalta muna goga kafaɗa da motoci har zuwa shataletale sannan muka juyo. A ofishin kuma aka ce teburin tantancewa yana sama. Baffa ya dube ni ya ce: "Kai ɗan nan, mai da ni gida. Kuɗin da sai an saɓa ni kamar buhun gero kafin in karɓa, na yafe." Da ƙyar na lallashe shi, wasu matasa suka ɗauke shi. Tun daga ranar bai sake yarda ya fita ba, ko sallar Juma'a a gida yake yin azahar ɗinsa.

Wanda bai taɓa tura keken guragu ba ba zai gane yadda biranenmu suke ba. Inda aka yi hanyar masu tafiya a ƙasa, dakalinta yakan kai tsayin da taya ba ta iya hawa, kuma ba a sassauta shi a mahaɗar tituna ba. Inda aka samu aka hau, ba a yin nisa sai an ci karo da murfin kwatar da aka sace, ko teburin mai shayi, ko janareta, ko allon talla, ko motar da aka ajiye a gicciye. Ƙofar tsaro ta bankuna, wannan ƙaramin akwati da mutum ɗaya ke shiga a tsaye, ba ta karɓar keke, don haka mai asusu yakan tsaya a rana ya aika a kira masa ma'aikaci, ya faɗi sirrin kuɗinsa a gaban masu gadi da 'yan kallo. Na'urar cirar kuɗi kuwa galibi a kan dandamali take, ta yadda sai ya miƙa katinsa da lambarsa ga baƙon da bai sani ba. Akwai kuma wani dalili da ba a cika lura da shi ba. Saboda magudanan ruwanmu a toshe suke, kowane mai sabon gini yana ɗaga harsashinsa sama don gudun ambaliya, kuma duk ɗagawa ɗaya ƙarin matakala ce. Ashe sharar da muke zubawa a kwata ma tana da hannu wajen kulle gurgu a gida.

Wani abin takaicin shi ne magangarar ganin ido. A wasu sababbin gine-gine an yi ta, amma a tsaye take kamar zamiyar yara, an lulluɓe ta da tayil mai santsi, babu ƙarfen riƙewa, kuma sau da yawa tana ƙarewa ne a jikin ƙofar da aka kulle ko tukunyar fure. Alhali ƙa'idar a bayyane take ga masu zanen gine-gine: duk tsayin mita 1 yana buƙatar magangara mai tsawon mita 12. Matakala uku masu tsayin santimita 15 kowace, wato santimita 45, suna buƙatar mita 5 da ɗan ɗoriya. Ƙofa ta kai faɗin kimanin santimita 90, banɗaki kuma ya samu filin mita 1 da rabi da keke zai juya. A nan Arewa akwai ƙarin abin lura. Mafi yawan guragunmu ba kujerar asibiti suke hawa ba, keke mai ƙafa uku ne da ake murzawa da hannu, irin wanda maƙera, cikinsu har da guragun kansu, suke haɗawa a Kano da Jos. Wannan keke ya dace da titi, amma ya yi tsawo ga ɗaki, shi ya sa za ka ga mai shi ya ajiye shi a ƙofa, ya zura silifa a hannu ya ja jiki a kan daɓen asibiti ko na makewayi. Duk mai zanen da ya kwafo ma'aunin Turai bai yi tunanin wannan keke ba, aikinsa rabi ne.

Akan ce ai su nawa ne da za a sauya fasalin gari dominsu? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2022 cewa mutum biliyan 1.3, wato kashi 16 cikin 100 na al'ummar duniya, suna rayuwa da wata nakasa mai tasiri, ta kuma ce a 2023 kimanin mutum miliyan 80, wato ɗaya cikin kowane ɗari, suna buƙatar keken guragu. Mu kuwa muna da dalilan da za su sa rabonmu ya yi nauyi. Mu ne muka dakatar da allurar shan inna a Kano da wasu jihohi a 2003, ba a ci gaba a Kano ba sai a 2004. An ga na ƙarshen masu ɗauke da asalin ƙwayar cutar a Borno a 2016, aka kuma ba Afirka shaidar rabuwa da ita a watan Agustan 2020, amma yaran da ta riga ta shanye yanzu samari ne da 'yan mata masu neman makaranta da aiki da aure. A ƙara da waɗanda hatsarin hanya ya karya wa laka, da waɗanda ciwon sukari ya sa aka yanke wa ƙafa, da waɗanda bama-baman Boko Haram da harsasan 'yan bindiga suka raunata, da sojojin da suka dawo daga fagen daga, da tsofaffinmu. Dalilin da ya sa ba ma ganinsu a ofis da ɗakin karatu da wurin shaƙatawa shi ne ba za su iya shiga ba. Mun rufe ƙofa, sannan muka leƙa ciki muka ce ai babu su.

Doka kuwa ba ita muka rasa ba. Najeriya ta sa hannu a kan yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta haƙƙin nakasassu a 2007, ta tabbatar da ita a 2010, kuma sashe na 9 na yarjejeniyar kacokan a kan samun damar shiga gine-gine da tituna da ababen hawa yake. Bayan shekaru ana kai ƙudiri majalisa yana dawowa, Shugaba Muhammadu Buhari ya rattaba hannu a kan dokar hana nuna bambanci ga nakasassu a watan Janairun 2019. Dokar ta wajabta a samar da magangara da na'urar hawa bene da makamantansu a gine-ginen jama'a, a gyara gefen tituna da wuraren tsallakawa, a keɓe wuraren ajiye mota, a kuma ba su aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati. Ta yanke tarar Naira miliyan 1 ga kamfanin da ya nuna bambanci, da Naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga mutum. Ta ma tanadi hukunci ga jami'in da ya amince da zanen ginin da ya saɓa wa ƙa'ida. An kafa hukumar kula da nakasassu ta ƙasa a 2020, jihohi da dama kuma, ciki har da Filato da Legas da Kano da Kaduna, suna da nasu dokokin. Dokar tarayya ta ba da wa'adin shekara biyar a gyara tsofaffin gine-gine. Wa'adin ya cika a Janairun 2024. Mai karatu ya ƙirga da kansa, a cikin ofisoshi goma da ya shiga a wannan wata, nawa ne gurgu zai shiga ba tare da an ɗauke shi ba?

A watan Maris na 2024 wani gidan cin abinci a filin jirgin saman Murtala Muhammed da ke Legas ya hana wani matashi shiga saboda yana kan keken guragu. Matashin ya bayyana abin da ya same shi a intanet, ƙasa ta ɗauka, hukumar filayen jiragen sama ta rufe wurin nan take. Hukuncin ya yi daidai, na kuma yaba wa matashin da bai haɗiye wulaƙancin ba. Amma ya kamata mu faɗa wa kanmu gaskiya, matashin ɗan tsohon gwamna ne, yana da murya. Abin da aka yi masa sau ɗaya da baki, shi ake yi wa dubban 'ya'yan talakawa kullum da siminti, ba tare da an rufe ko da kanti ɗaya ba.

Hujja ta biyu ita ce babu kuɗi. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya da Bankin Duniya suka fitar a 2011 ya nuna cewa idan tun a zane aka sa wannan tanadi, abin da yake ƙarawa a kan kuɗin sabon gini bai wuce kimanin kashi 1 cikin 100 ba. Tsadar tana zuwa ne idan an gama gini sannan a dawo ana fasawa, shi ya sa Bahaushe ya ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gwamnatocin da suka iya gina gadojin sama da hanyoyin ƙarƙashin ƙasa na biliyoyin Naira a Kano da Kaduna da Maiduguri ba za su ce buhunan simintin sassauta dakalin titi ne suka gagare su ba. Wani gyaran ma ko kwabo ba ya ci. Sauko da teburin tantance 'yan fansho zuwa ƙasa, ko mayar da laccar ajin da ke da gurgu zuwa ɗakin ƙasa, umarnin baki ne kawai daga shugaban wurin. Ni da abokan aikina mun iya yin haka ranar da aka cicciɓi ɗalibarmu, ba mu yi ba, don tunanin bai zo mana ba.

Hujja ta uku ta fi sauran wuyar kawarwa, domin daga kyakkyawar zuciya take fitowa. Za ka ji an ce ai mu mutane ne masu tausayi, duk inda gurgu ya tsaya za a samu masu ɗaukarsa. Gaskiya ne, kuma Allah Ya saka wa masu yi. Amma a tambayi wanda ake ɗauka. A tambayi matar auren da maza huɗu za su riƙe a gaban malamanta, ko dattijon da jikokin ɗalibansa za su saɓa. Wanda sai an ɗauke shi yake shiga wuri ba shi da ikon zuwa a kan lokaci, ba shi da ikon fita idan ransa ya ɓaci, kuma idan gobara ta tashi shi ne na ƙarshe da za a tuna. Hasali ma wannan tausayi shi ne ya raba mu da ganin haƙƙi. Mun saba da gurgu a matsayin mai karɓar sadaka a bakin danja, har ya zama idan muka ga mai keke a ƙofar ma'aikata sai hannu ya tafi aljihu, ko da takardar neman aiki ce a cinyarsa. Gwamnatocinmu kan kafa dokar hana bara su kwashe mabarata daga titi, amma makaranta da kasuwa da masana'antar da ake so su koma duk matakala ce a ƙofarsu. An hana su titi, an hana su ciki, to ina ake so su nufa?

Kuma wannan tunani ba baƙo ba ne a wurinmu. Masarautunmu sun daɗe da sarautar Sarkin Guragu da Sarkin Makafi, wanda ke nuna cewa magabata sun yarda waɗannan jama'a suna da bakin magana a sha'anin gari. Malaman tarihi sun ruwaito cewa Halifa Walid ɗan Abdulmalik ya sa wa guragu masu hidima, makafi kuma 'yan jagora, daga baitulmali. Duk alhajin da ya je Makka ya ga yadda aka shirya wa masu keke hanyar ɗawafi da sa'ayi, wataƙila ma shi da kansa ya tura mahaifiyarsa a kai. Abin mamaki, shi ne zai dawo gida ya gina masallaci mai matakala bakwai da wurin alwalar da sai mai ƙafa biyu lafiyayyu. Addinin da ya sanya kawar da abin cutarwa daga hanya cikin ayyukan lada bai kamata mabiyansa su riƙa gina abin cutarwar da hannunsu a ƙofar ɗakin ibada ba. Haka zancen yake ga majami'u.

Ƙasashen da muke sha'awar titunansu ma ba haka suka tashi suka gan su ba. A Amurka, a watan Maris na 1990, nakasassu sun sauka daga kekunansu suka ja jiki a kan matakalar ginin majalisar dokoki da ke Washington, cikinsu har da yarinya 'yar shekara 8, domin 'yan majalisa su ga abin da idonsu. A watan Yulin shekarar aka sa hannu a kan dokarsu. Da aka sassauta dakalin tituna, sai aka tarar masu cin moriyar sun ninka guragu: mai tura jariri, da mai jan akwati, da tsoho mai sanda, da ɗan dako. A nan ma haka za ta kasance ga mai ciki da mai baro da mai kurar ruwa. Game da abin da muke asara kuwa, wasanni sun ishe mu misali. A gasar Olamfik ta Landan a 2012 'yan wasanmu masu ƙafa sun dawo hannu rabbana, nakasassunmu suka dawo da lambobi 13, shida na zinare. A Rio a 2016 masu ƙafa tagulla ɗaya suka samo, nakasassu suka kawo zinare takwas. A Faris a 2024 an sake kwatawa, babu ko ɗaya a can, bakwai a nan. Waɗannan su ne 'yan ƙalilan da suka samu ƙofa a buɗe. Likitoci da alƙalai da malamai nawa ne suke zaune a zaure saboda ajin firamaren unguwarsu yana da matakala uku?

Saboda haka ina kira ga hukumomin tsara birane na jihohinmu da kada su sake buga hatimi a kan zanen makaranta ko asibiti ko banki ko kasuwa ko otal da ba shi da magangara da banɗakin da keke ke shiga, kuma kada a biya ɗan kwangila kuɗin ƙarshe sai wani mai keke ya shiga ginin da kansa ya fito, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A sa wakilan ƙungiyoyin guragu a kwamitin duba zane tun daga farko. Duk titin da za a yi ko za a gyara, a sassauta dakalinsa a mahaɗa, a rufe kwatarsa, a kuma bar wurin tsallakawa a ƙasa mai danja kusa da kowace gadar sama. Motocin safa da gwamnatoci ke saye su kasance cikinsu akwai masu ƙofar da keke zai hau, ƙungiyoyin masu adaidaita sahu kuma su hana mambobinsu cajin kuɗin keke. Babban Bankin Najeriya ya tilasta wa kowane reshe ƙofa ɗaya da na'ura ɗaya da mai keke zai isa. Jami'o'inmu, waɗanda ke yaye masu zane da injiniyoyi, su fara da gyara nasu gidan, su kuma kayar da duk ɗalibin da ya kawo zanen ginin jama'a babu wannan tanadi. Lauyoyinmu su ɗauki ƙara ɗaya tak su kai ta ƙarshe, domin ranar da aka ci tarar babban jami'i guda, sauran za su shafa wa gemunsu ruwa. Limamai da kwamitocin masallatai kuwa ba sa buƙatar jiran kowa, kuɗin asusun Juma'a biyu ya isa.

Mu kuma da muke takawa da ƙafafunmu a yau, mu tuna maganar iyayenmu cewa ba a gama wa mutum halitta sai ranar da ya koma ga Mahaliccinsa. Tsakaninmu da keken guragu tayar mota ɗaya ce da za ta fashe a hanyar Kaduna, ko hawan jini na dare ɗaya, ko kuma tsawon rai, wanda kullum muke roƙo. Baffana ya hau matakalar azuzuwa shekara 35 bai taɓa ƙirga su ba, yau kuwa ya san adadin na kowane gini a unguwarsu. A namu sashen mun mayar da zaman kare kundi zuwa ɗakin ƙasa, mun kuma rubuta takardar neman a faɗaɗa ƙofar banɗaki ɗaya, muna jiran amsa. Ɗalibata ta ce tana son dawowa digiri na uku. Fatana shi ne ranar da za ta dawo ta karya kumallo da shayinta kafin ta fito. Allah Ya ba shugabanninmu ikon gyarawa, mu kuma Ya sa mu fara daga ƙofar gidajenmu.